Zane Mai Motsi a Darasin Lissafi: Shawarwarin Malaman Damagaram

Wasu malaman lissafi na kolej da lise a Zinder sun tattauna kan bidiyon intanet masu zane mai motsi da yara ke kallo a waya. Ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda motsi ya fi amfani inda abu ke sauyawa. Wani malami ya kawo misalin da'ira: a yanyanka ta kamar kankana, a jera yankan kai da ƙafa, sai ta kusa zama mai kusurwa huɗu, tsawo πr, faɗi r (r shi ne nisa daga tsakiyar da'ira zuwa bakinta). Yaro ya ga inda πr², wato lissafin girman filin da'ira, ya fito da idonsa. Da alli a allo kuwa, kafin ka gama zanen lokaci ya ƙare.

Sai dai wata malama ta ja kunne, kuma ina bayanta. Yaro zai yi ta gyaɗa kai yana kallo, ka miƙa masa takarda ya yi tsuru-tsuru. Ta ce a tsayar da bidiyon kafin amsa ta bayyana, a tambaye shi me zai biyo baya, sannan ya zana da hannunsa, tunda ranar BEPC, jarrabawar ƙarshen kolej, babu waya.

An ambaci tashar 3Blue1Brown ta Grant Sanderson a YouTube. Zanenta na da kyau ƙwarai, amma da Ingilishi take, kuma yawancin darussanta na 'yan jami'a ne. Ga 'yan kolej an fi son manhajar lissafi ta GeoGebra: kyauta ce, tana da Faransanci, kuma yaro da kansa ke jan ɗigo ya ga kusurwa na buɗewa.

Kan tsadar intanet, a sauke bidiyo sau ɗaya, a rarraba wa ɗalibai ta Bluetooth.