In Allah ya so falke, sai kayansa su tsinke a gindin kaba

Ɗiyar Yamai: Salama gare ku, iyaye da ƴan'uwa. Ranar Lahadi a majami'armu nan Yamai mai wa'azi yana magana kan alherin Allah, sai ya kawo karin maganar nan: in Allah ya so falke, sai kayansa su tsinke a gindin kaba. Jama'a suka amsa da amin, ni kuwa ta tsaya mini a maƙogwaro. In Allah na son falken, don me kayan za su tsinke tun farko? Wanda nasa suka tsinke a fako, inda ko ciyawa babu, shi Allah ba ya son sa ke nan?

Dattijon Tawa: Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Tambayarki ta farko mai sauƙi ce ga wanda ya ga fatake da idonsa. Muna yara munka iske ƙarshensu, ayarin jakkai da kayan gishiri da kanwa, madugu a gaba. Babu falken da igiyarsa ba ta tsinkewa. Rana ta ci ta, mangala ta goge ta, tafiyar wata da watanni ce. Kaba kuwa ita ce ganyen ƙaramar goriba, da ita ake tufka igiyar. To wanda tasa ta tsinke a gindin kaba, maganin na gabansa: ya yanka, ya tufka, ya ɗaure, ya cim ma ayari kafin rana ta faɗi. Masu maganar ba su yi wa kowa alkawarin kaya ba za su zube ba. Yesu ma bai yi ba, ya faɗa wa almajirai a fili cewa a duniya za su sha wahala.

Inna Mai Tabarma: Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara, don sana'ata ke nan tun ina budurwa. Kaba ba igiya ba ce. A jikin hannunta akwai ƙaya jere kamar haƙoran zarto, in ka kai hannu da garaje sai ta tsage ka. Sai ka yanko, ka tsattsaga ta siri-siri, ka naɗe zane, ka murza a cinya har fata ta yi ja. Falken da ya zauna yana kuka a gindinta, dare zai iske shi da kaya a ƙasa. Ni haka na ga alherin Allah a rayuwata. Mijina ya rasu ya bar ni da ɗiya 5, ba gona mai kirki, ba bisa. Abin da ke hannuna saƙar da kakata ta koya mini da bulala, wadda na tsana ina yarinya. Da tabarma da faifai na kai su lekol. Allah ya shuka kabata shekara 20 kafin igiyar ta tsinke.

Malamin Lahadi: Inna, Allah ya ƙara ƙarfi. Amma tambaya ta biyu ba a taɓa ta ba, kuma ita ce mai nauyi. Ni kalmar "in" ce ke damuna. Tana sa a ji kamar ƙaunar Allah sai wanda ya ci sa'a. A Matiyu 5:45 Ubangiji ya ce Uba yana fito da ranarsa a kan miyagu da nagari, yana sauko da ruwa ga masu adalci da marasa adalci. A Luka 13 kuma ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Abokan Ayuba da irin wannan lissafi suka zo masa, wai tun da kayanka sun zube babu kaba, akwai abin da ka yi, ƙarshe Allah ya tsauta musu. Shi ya sa ba na koya wa yara wannan karin magana a aji. Ina tsoron yaron da babansa ba shi da lafiya ya koma gida da tunanin Allah ya ƙi su.

Dattijon Tawa: Malam, ban ƙi taka ba, amma kada ka ɗora wa karin magana kayan da ba nata ba. Ita godiya ce, ba awon ƙauna ba. Wanda ya tsira ke faɗin ta a kan kansa. Kuma sau da yawa kabar na nan, ido ne ba ya kai. Duba Hajaratu a Farawa 21: ruwan salka ya ƙare, ta ajiye ɗanta Isma'ilu ƙarƙashin wani ɗan itace ta koma nesa don kada ta ga mutuwarsa. Littafi bai ce Allah ya gina rijiya ba, cewa ya yi ya buɗe idanunta ta ga rijiya. A yunwar 2005, bayan fari sun cinye amfanin 2004, garinmu anza munka ci. Ɗaci gare ta kamar maɗaci, sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa. Itacen da muke wucewa kullum ba mu kallo, shi ya riƙe mu har sabon hatsi. Kuma maƙwabcina, Musulmi, limamin unguwa ma, ya aiko mini tiya 2 ta gero da dare don kada a gani.

Malamin Lahadi: Baba, a gafarce ni, a shekarar nan akwai yaran da anzar ba ta riƙe ba. An rufe su. Me za mu ce da uwayensu?

Dattijon Tawa: Ba mu ce musu komi, ɗana. Jikana na cikinsu. Ban yi wa uwarsa karin magana ba, zama na yi kusa da ita. Abin da ya riƙe ni shi ne Ɗan Allah da kansa ya yi kuka a kan gicciye yana tambayar don me aka yashe shi, ba a sauko da shi ba, kuma Uban bai daina ƙaunarsa ba. Sai rana ta uku aka ga abin da Allah ke yi. Har yau ina faɗin Allah nagari ne, ina kuma kewar yaron.

Ɗiyar Yamai: Baba, ka sa ni hawaye. Bari in faɗi abin da ya sa na yi tambayar. Yayana ya tafi bida Libiya, ya kira mu daga Agadas ya ce gobe za su shiga mota. Shekara 3 ke nan ba mu sake jin muryarsa ba. Mamana na zaune kusa da ni ranar da aka yi wa'azin. Da aka zo wurin kaba, na ga ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta. Ba ta ce amin ba.

Inna Mai Tabarma: Wayyo ɗiyata. Da mai wa'azin ya san tana wurin, da ya zaɓi wata maganar. Ki je ki same shi cikin ladabi ki faɗa masa, ba don faɗa ba, don ya zo ya gaishe ta. Mu kuma a zumuntar mata ranar Laraba za mu sa yayanki da mamanki cikin addu'a. Ki gaya mata wata gwauruwa a Tawa na gaishe ta.

Direban Albasa: Ƙanwata, ni ba malami ba ne, albasar Galmi nake ɗauka, ban iya fassara ba. Amma ranar Alhamis in Allah ya yarda ina da lodi zuwa Agadas. Na san ƴan tasha, na san masu shiga hamada, akwai kuma ƴan'uwa a majami'ar can da suke karɓar waɗanda aka koro. Ban yi miki alkawarin komi ba. Ki turo mini hotonsa ta waya, da watan da ya kira ku na ƙarshe, da in yana da wani tabo ko aska a fuska.