Babban murhun gas mai obin: ina zai zauna a kicin?

Uwargida: Assalamu alaikum. Za a zuba kanta a kicin, murhun kuma babban nan ne mai kai biyar da obin, faɗinsa santimita 90. Masu sanin aikin, me za a fara dubawa?

Magini: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada a ɗora bulo ko ɗaya sai an sa tef an auna murhun, shi kansa, ba kwalinsa ba. Inda aka fi yin kuskure shi ne a bar gurbin 90 cif tsakanin bulo da bulo, a manta filasta da tayil za su ci wajen santimita 2 ta kowane gefe. Ranar da aka kawo murhu sai ya ƙi shiga, a koma fasa tayil. A tabbata 92 ya rage bayan an gama komai. Tsayin kanta 90 daga saman tayil ɗin ƙasa, kada ta ɗara murhun, don wuta za ta riƙa lasar gefenta.

Sai daɓe. Duk nauyin nan a kan ƙananan ƙafafu huɗu yake. A ƙwanƙwasa tayil ɗin wurin da makulli; in ya yi ƙarar gwangwani, akwai rami a ƙarƙashi kuma zai tsage. A cire shi, a shimfiɗa siminti ko'ina.

Kafinta: Gaskiyar malam ce. A bar kanta aƙalla santimita 40 hagu da dama, wurin sauke tukunya mai zafi, gabansa kuma 120, saboda ƙofar obin ƙasa take buɗewa, mai girki kuma sai ta durƙusa. Kabad ko na'urar zuƙe hayaƙi kada su sauko ƙasa da 75 daga kan wuta. Firij ya yi nesa da shi.

Mai haɗa gas: Hajiya, nan nake so ki natsu. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya zube ƙasa yake kwanciya, tagar sama ba ta fitar da shi. Saboda haka tukunyar gas ba ta zama cikin rufaffen kabad. A yi mata ɗan keji a waje, cikin inuwa, a tsaye, a huda bango a shigo da bututun tagulla, da famfon kashewa inda hannu zai kai ba sai an miƙa ta kan wuta ba. Tiyon roba kada ya wuce mita ɗaya da rabi, kada kuma ya bi ta bayan obin, zafi na busar da shi ya tsattsage. Bayan an ɗaure, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Kumfa ya taso, akwai yoyo. Ashana ba abin gwaji ba ce.

In wuta ta fito ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, sau da yawa ƴan hancin da ke cikin murhun, wato ƙananan bakunan da gas ke fitowa ta cikinsu, na gas ɗin bututu ne na ƙasashen waje. A musanya su da na gas ɗin tukunya. A kuma ɗaure bayan murhun da sarƙa a bango, don yaro na iya taka ƙofar obin ya rinjayo shi.

Mai abincin sayarwa: Yaya, kada a biye wa masu sa shi ƙarƙashin taga. Iskar hunturu na kashe ƙaramar wuta gas na ta fita, ga labule. Kuma murhun nan ba na tuƙa tuwon mutum ashirin ba ne: tsayin 90 da doguwar tukunya a kai, muciya ta kai kafaɗa, tukunyar na zamewa. A ware wa gajeren murhu na ƙasa wurinsa daban tun yanzu.

Mai wayarin: In obin ɗin na lantarki ne, a duba takardar da ke bayansa a ja masa waya tasa daga allon wuta gwargwadon abin da yake ja. Makunnin ya zauna a gefe, ba saman wuta ba.