Neman shawara: rage tsawon sauti ba tare da an canza rubutun waƙa ba

Sallama gare ku 'yan uwa. Ina koyar da ƙungiyar mawaƙa, kuma da manhajar MuseScore 4 nake rubuta waƙoƙinmu, sannan in tura musu sautin ta WhatsApp domin su yi bita a gida. Akwai wurin da sauti ɗaya yake maimaituwa sau huɗu a jere, kowanne da gaɓar kalmarsa, amma idan manhajar ta kunna sai su manne kamar an ja su da numfashi ɗaya. Da na ɗora ɗigon sitakato, wato alamar gajarta sauti, sai ya datse su fiye da kima, waɗanda suka gan shi a takarda kuma suka shiga tsittsinka kalmomi, abin da ya dame ni ƙwarai. Yaya zan rage tsawon kaɗan a kunne, takarda kuwa ta zauna yadda take?

Amsa ta farko: Malam, ka ɗora alamar fotato, wato ɗigo da ɗan layi tare, domin ba ta datsewa kamar ɗigo shi kaɗai. Daga nan ka zaɓe ta ka danna harafin V. Za ta koma toka-toka a allo, ba za ta fito a bugu ba, amma manhajar za ta ci gaba da aiki da ita.

Amsa ta biyu: Ƙari a kan bayanin ɗan uwa, idan daidai gwargwado kake so, MuseScore 3.6.2 ya fi dacewa, saboda yana da Piano Roll Editor, wato wurin gyara yadda kowane sauti yake fita, wanda aka bari a baya lokacin da na 4 ya fito a Disambar 2022. A can kowane sauti yana da gurbin Len, inda 1000 yake nufin cikakken tsawo. Ka gwada 850 ka saurara. Sai dai na 3 ba ya buɗe fayil ɗin na 4, dole ka fitar da shi a matsayin MusicXML, wato nau'in fayil ɗin da dukansu biyu suke buɗewa, tukuna.

Amsa ta uku: Malam, da wace murya kake kunnawa? Muryar mawaƙa ta manhaja a hankali take tashi, shi ya sa farkon kowane sauti yake ɓacewa. Ni dai fiyano nake sa wa faifan bita.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na koma fiyano, na kuma ɓoye fotato a sautuka ukun farko, yanzu gaɓoɓin huɗu suna fita sarai.