Tambaya: bututun na'urar musayar zafi yana tsinkewa a cikin faranti lokacin ciro shi

Salamu alaikum, malamai masu aikin gyaran na'urar musayar zafi (wadda ke ɗauke zafi daga wani ruwa zuwa wani ta jikin bututu masu yawa), ana neman shawararku.

Bututun na tagulla ne mai haɗin zinki, faɗinsa milimita 19.05, kaurin jikinsa 1.65, an matse bakinsa a ramin farantin ƙarfe mai kaurin milimita 50, kowane rami da tsagi biyu a ciki. An bi hanyar da aka saba: yanke bututun daga ciki a bayan farantin, murɗa mashi mai zare irin na kusar murɗawa a bakinsa, sannan a ja da majanyin hayidirolik mai aiki da matsin mai. Mafi yawan bututun sun fito lafiya. Na layukan ƙasa ne suka ƙi. Ko wannan mashi ya kwashe zaren ya fito da garin tagulla, ko bututun ya tsinke daidai tsagi na farko, guntun ya maƙale. Wurin karayar ja ne, yana marmashewa, alamar ruwa ya cinye zinkin, don haka ƙara ƙarfin ja ba zai amfana ba.

Abin tsoro shi ne ramin. A ma'aunin TEMA, ƙungiyar masu ƙera irin wannan na'ura, faɗin ramin wannan bututu milimita 19.30 ne, kuma kurji ɗaya a tsawon ramin ya isa sabon bututu ya yi yoyo.

Idan za a rage kaurin guntun da injin huda kafin a lanƙwasa shi ciki, milimita nawa kuke bari a jikinsa? Kuma me ke riƙe bakin mahudin a tsakiya kada ya taɓa farantin? Dumama guntun don ya tsuke idan ya huce yana aiki a tagullar da ta lalace haka?