Ƙanwata za ta tare a Miniyapolis, wai ya zaman garin yake ne?

Abban_Hanifa (Rigasa):
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa zama Amurka ko suke can yanzu ku taimaka min da bayani. Ƙanwata ce za ta tare gidan mijinta a Miniyapolis jihar Minesota, biza ta fito, to tunda aka faɗa wa Hajiyarmu sunan garin hankalinta ya ƙi kwanciya, ita dai abin da ta sani shi ne garin da ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd har ya mutu a 2020, kullum sai ta ce a kira mata mijin, shi kuma ba ya wuce "lafiya lau Hajiya ba wata matsala". Ni ma na leƙa intanet ba abin da ke fitowa sai zanga-zanga da ƙone-ƙone. Tambayata ita ce in mutum ya yi shekara guda cur a garin yana bin labaransu na cikin gida, me ake tattaunawa a kai? Ba siyasar Washinton nake nufi ba, irin labarin da in a nan ne za ka ji a rediyo da safe ko a teburin mai shayi.

Injiniya_Malali:
Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri ya ba su zaman lafiya. Ni 2023 a can ta same ni, bari in ba ka yadda ta kasance gwargwadon abin da na gani.

Daga Janairu zuwa Maris ba a maganar komai sai dusar ƙanƙara. Hunturun nan an samu wajen inci 90, yana cikin guda uku mafi yawa a tarihin garin. In ta zubo da yawa hukumar gari na sanar da dokar share tituna ta kwana uku, yau a hana fakin a wannan gefen gobe a wancan, in ka bar motarka inda bai dace ba janwe ya zo ya ɗauke ta sai ka je ka biya ka karɓo. Kuma gaban gidanka kai za ka share hanyar masu tafiya a ƙafa cikin awa 24, in ka ƙi su zo su share su turo maka takardar kuɗi. Da ƙanƙarar ta narke sai ga ramuka a titi ko ta ina, wallahi sati da sati talabijin ɗinsu ba su da zance sai ramuka da tayoyin da suka fashe, ni dariya ma abin ya riƙa ba ni.

Amma abin da ya kamata ka fara faɗa wa Hajiya shi ne na Afrilu, ana cikin azumi. Majalisar garin, kansiloli 13 ne kowa da mazaɓarsa, suka gyara dokar hana hayaniya don masallatai su iya kiran salla a lasifika duka sau biyar. Da can ma ana yi amma dokar ta tsaya ne daga 7 na safe zuwa 10 na dare, ka ga asuba ba ta ciki ke nan, da bazara kuma isha'i ma fita take yi saboda rana ba ta faɗuwa sai wajen 9, asuba kuwa kafin ƙarfe 4. Aka kaɗa ƙuri'a 12 ba wanda ya ƙi, alhali Musulmi uku ne kacal a majalisar, magajin gari Jacob Frey ya je masallacin Dar Al-Hijrah a unguwar Cedar-Riverside ya sa hannu a can. Shi ne babban birni na farko a Amurka da ya yi haka. Abin da ya burge ni ba ma ƙuri'ar ba ce, kafin nan sai da aka yi zaman jin ra'ayin jama'a, kowa ya je ya rubuta sunansa a ba shi ɗan lokaci ya yi magana gaban kansiloli, har da malaman Kirista da na Yahudawa da suka zo suka goyi baya. Yawancin wannan ƙoƙari na 'yan Somaliya ne, don su ke da yawa a garin, Ilhan Omar, 'yar asalin Somaliyan nan ta majalisar wakilan Amurka, ma ai mazaɓarta ke nan.

Yuni kuma hayaƙin gobarar dajin Kanada ya rufe gari, sama ta yi fari-fat kamar ana tsakiyar hazo a Kaduna, aka ce masu asma da yara su zauna a gida. Sai rigimar direbobin Uber da Lyft, motocin hayar da ake kira ta manhajar waya, mafi yawansu 'yan Afirka ne, suna neman a yanka musu mafi ƙarancin abin da za a biya su, majalisar jiha ta amince gwamna Tim Walz ya ƙi sa hannu a Mayu, ta gari ta amince a Agusta shi ma Frey ya ƙi. Nuwamba aka yi zaɓen kansiloli. Shekarar ke nan a taƙaice.

Maman_Aira:
Yaya Abban Hanifa ni 'yar Tudun Wada ce amma aure ya kawo ni Brooklyn Park, nan kusa da Miniyapolis ne, unguwar 'yan Laberiya da sauran mutanenmu na Afirka ta Yamma. Injiniya ya kawo na maza bari in kawo na mata lol. A gidajenmu labarin da ya fi kowanne a 2023 shi ne abincin makaranta, a Maris gwamna ya sa hannu kowane yaro a ba shi karin safe da na rana kyauta ba ruwansu da albashin ubansa. Sai na lasisin tuƙi da ya fara aiki 1 ga Oktoba, ko ba ka da takardun zama za ka iya nema, nan kuwa macen da ba ta tuƙi ta shiga uku don ba Keke Napep ba ɗan acaɓa. Wanda bai mana daɗi ba shi ne halatta wiwi ga manya daga 1 ga Agusta, sai ka wuce wani wajen wari ya buge ka, masu 'ya'ya samari dai sai addu'a.

Ita amarya ka ce mata ba 'yan sanda ne za su fara damunta ba, kaɗaici ne. A Disamba ƙarfe 4 da rabi magariba ta yi, miji na wajen aiki, maƙwabta ba mai leƙo ki ba mai aiko yaro karɓar gishiri, in ba ki yi da gaske ba sai ki wuni ba ki ji muryar mutum ba. Ta riƙa zuwa masallaci ran Juma'a da Karmel Mall, kasuwar 'yan Somaliya ce, akwai abaya da turare da masu lalle da shayi mai kayan ƙamshi. Ƙarshen Agusta kuma su je baje kolin jiha, kwana 12 ake yi, shanu da tumaki da soye-soye iri-iri, a kula dai da naman alade. Ta taho da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, ta faɗa musu a filin jirgi tana ɗauke da su, amma kilishi da dambun nama kar ma ta soma, ƙwacewa za su yi.

Ɗan_Kawo01:
Ni fa ban taɓa zuwa ba amma ina bin labarai, kuma gaskiya kun kawo zuma kun ɓoye maɗaci. Injiniya me ya sa ba ka faɗa masa cewa sati ɗaya da sa hannu kan dokar kiran sallar aka cinna wuta a masallatai biyu a garin ba, 23 da 24 ga Afrilu, bayan ƙaramar salla da kwana biyu? An kama mutumin dai. Sannan a Yunin nan da kake maganar hayaƙi ma'aikatar shari'a ta tarayya ta fitar da rahoto cewa 'yan sandan garin sun daɗe suna wuce gona da iri kuma suna nuna wa baƙaƙe da 'yan asalin ƙasar bambanci, ba wai Derek Chauvin da ya danne wuyan Floyd kaɗai ba ne, wanda aka ɗaure shekara 22 da rabi. Tsoron Hajiya yana da tushe malam, kar ku mai da ita kamar ba ta san me take yi ba.

Injiniya_Malali:
Haka ne Ɗan Kawo duk an yi, ban musa ba. Amma ai kai ma a ina ka ji? Jaridunsu ɗin ne suka buga.

Baba_Sani_UnguwarSarki:
Yarana ku bar musu, kowa a cikinku gaskiya ya faɗa. Ni aikin jarida na yi har na yi ritaya don haka ta nan nake kallon abin. Ranar da aka kashe Floyd sanarwar farko da 'yan sanda suka fitar cewa ta yi wani mutum ya rasu bayan rashin lafiya ta kama shi a hannunsu. Yarinya 'yar shekara 17 ce ta ɗauki bidiyo da wayarta ta ƙaryata su, sannan jaridar garin Star Tribune ta bi zancen ba ta sake shi ba, a 2021 ita da yarinyar duk an karrama su a kyautar Pulitzer, babbar lambar yabon aikin jarida a Amurka. Akwai kuma Sahan Journal da wani ɗan Somaliya, Mukhtar Ibrahim, ya kafa a 2019 don labaran baƙi kawai, kyauta ake karantawa, ita ƙanwarka za ta riƙa dubawa. Garin fa mutanensa ba su wuce dubu 430 ba amma in kansiloli za su zauna da ɗan jarida a wajen. Mu nan Kaduna garin da jaridar New Nigerian ta yi tashe, ga gidajen rediyo birjik, amma a cikinku wa zai iya faɗa min ranar da kansilolin Kaduna ta Arewa ko Igabi suka yi zamansu na ƙarshe da abin da suka zartar? Labarin Abuja muke kwana muna tashi da shi, sai kogi ya cika ya shiga gidaje a Kigo Road sannan a tuna da unguwa. Abban Hanifa ka gaishe min da Hajiya, ka karanta mata duka har da na Ɗan Kawo, kar ka tsince.

Abban_Hanifa (Rigasa):
Na gode ƙwarai Baba, za ta ji insha Allah. Na karanta mata jiya da daddare, na kiran salla ta sa na maimaita, na wiwi kuma ta yi ta salati. Anti Maman Aira saura tambaya ɗaya, rigunan sanyi mu saya mata a gwanjon Kasuwar Barci ko ta bari sai ta je?

Maman_Aira:
Ku saya mata guda ɗaya mai kauri da safa ta sauka da su, sauran mijin ya saya a nan, musamman takalmi, na gida ba ya riƙe ƙanƙara santsi zai kwashe ta. Wane wata za ta taso? Ka turo min saƙo ta ciki in ba ka lambata.