Olajuwon namu ne, me ya sa ba ma maganarsa?

Ɗan Fagge: Jama'a, abin nan yana ci mini rai. Kullum Jordan, kullum LeBron, babu mai tuna Hakeem Olajuwon. Yaro ya tashi a Legas yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa, bai san ƙwallon kwando ba sai da ya kai wajen shekara 15, yana Muslim Teachers College. Ya tafi Jami'ar Houston a 1980. Da aka zo zaɓen 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1984 shi aka fara ɗauka, Jordan na uku. Ya ci wa Houston Rockets kofi a 1994 da 1995, kuma har gobe babu wanda ya kamo shi a yawan tare ƙwallon da abokin hamayya ya jefa raga, sau 3,830. Namu ne, amma mun fi kowa raina shi.

Bazazzagi: Namu? Malam, su wa ke nan? Mutumin da ya karɓi takardar zama ɗan Amurka a 1993, ya sa rigarsu a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, ya ciyo musu zinare?

Ɗan Fagge: Takarda tana sauya inda aka binne cibiya ne?

Baba Koci: Ku yi a hankali, yara. Ni na ga wasanninsa a kaset. Yana azumin Ramadan yana buga wasa, kuma a Fabrairun 1995, cikin azumin, aka ba shi gwarzon wata. A 1991 ya gyara sunansa daga Akeem zuwa Hakeem. Wanda ya riƙe addininsa haka a Texas ɗan'uwanmu ne.

Bazazzagi: Baba, da girmanka, in Musulunci ne ma'auni ai Kareem Abdul-Jabbar, tauraron kwandon Amurka, ma namu ne. Sai mu kai shi Kofar Doka mu naɗa masa rawani.

Basakkwace: Ku da kuke ta surutu, kun san ina ya fara buga gasa? Sakkwato! Makarantarsu ta zo wasannin makarantun horon malamai, shi yana cikin 'yan ƙwallon hannu, aka roƙi koci ya sa shi a kwando. Idan akwai masu cewa nasu ne, mu ne.

Ɗan Fagge: To ka ji.

Bazazzagi: Baƙo ya kwana a garinku sai ya zama ɗan gari? In namu kuke nema ga Masai Ujiri, a Zariya ya tashi, a matsayin shugaban ƙungiya ya kai Toronto ga kofin NBA a 2019, kuma yana dawowa yana koyar da yara.

'Yar Sabon Gari: Yaya, Ujiri ai a Ingila aka haife shi. Na Legas ba namu ba ne, na Ingila namu ne saboda ya sha ruwan Zariya? Ka faɗi gaskiya, don Olajuwon Bayarabe ne kake wannan.

Bazazzagi: Kul, ƙanwata! Ban ambaci ƙabilar kowa ba. Janye maganarki.

'Yar Sabon Gari: Ba zan janye ba.

Mai Bulls: Ni duk ba wannan ba. Kofi biyun nan fa sai da Jordan ya ajiye wasa a 1993 aka same su.

Baba Koci: Ɗana, Jordan ya dawo a Maris 1995, Orlando ta fitar da ƙungiyarsa ta Chicago Bulls. Orlandon nan ta Shaquille O'Neal ce Houston ta yi wa huɗu ba ko ɗaya a wasan ƙarshe.

Mai Bulls: Bai gama warwarewa ba lokacin, Baba.

Basakkwace: Kanawa ma da suke ta ɗaga murya, wa ƙungiyar kwandonsu ta Kano Pillars ta kai NBA?

Ɗan Fagge: Kai kuma me ya kawo Pillars nan? Ku nuna mana ƙungiyarku tukuna.

Shugaban zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta: yawanci sun yarda Olajuwon ɗan Najeriya ne kuma abin alfaharinmu, Baba Koci ya kawo hujjojin da babu wanda ya iya turewa, kuma ƙungiyarmu ta Pillars ba sa'ar kowa ba ce a Arewa. Maganar rigar Amurka mutum ɗaya ne ya riƙe ta. Na rufe.

Bazazzagi: Ranka ya daɗe, kai ma ai Bakano ne. Wa ya amsa mini maganar 1996?