Kwana a manyan otal masu araha na cikin garin Gombe: kowa ya faɗi abin da ya tarar

Hamma Sale, Bajoga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba Dadarmu, wato mahaifiyarmu, ranar ganin likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kuma an ce akwai gwaje-gwajen da ba za su ƙare a yini ɗaya ba. Dangin da muke da su a Tumfure gidansu a cike yake, ba na son in ƙara musu nauyi. Shi ne nake tunanin kama ɗaki a irin manyan otal ɗin nan na cikin gari, masu ɗakuna da yawa da sauƙin kuɗi. Duk wanda ya taɓa kwana a irinsu ya taimaka ya faɗi abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi. Don Allah kada a kama sunan kowane otal, akwai masu cin abinci a wurin.

Maman Iklima, Kumo:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Dada lafiya, ya sa kaffara ne. Hamma, abu na farko, kada ka yarda a ba ku hawa na ƙarshe. Na sauka a irin wannan otal a watan Afrilu da na raka 'yata rubuta JAMB, aka ba mu ɗaki can sama. Rufin siminti ne, ya sha rana tun safe, da dare sai ya dinga sako zafin a kanmu. Fanka tana juyawa amma iskar zafi take kaɗowa. Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka kashe janareto, na jiƙa zani na lulluɓa wa yarinyar, na zauna ina yi mata fifita da kwalin sabulu har aka kira assalatu. Yarinyar da za ta zauna gaban kwamfuta da safe! Ga shi famfon sama shi ke fara ɗaukewa. Tsohuwa mai jinya ba za ta iya wannan ba, balle hawan bene. Ka nemi ɗakin ƙasa, ko da za ka ƙara wani abu.

Malam Buba, Jekadafari:
Abin da Maman Iklima ta faɗa haka yake. Na yi aiki a kantar karɓar baƙi ta irin wannan wuri, bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki.

Kuɗin da kake biya ba na gado da katifa ba ne, yawancinsa na wuta da ruwa ne. Babban otal babban janareto yake da shi, kuma ko baƙi goma ne a ciki ko ɗari, in an tayar da shi sai ya sha man gas ɗinsa. Shi ya sa manaja ke tsayar da lokaci: a kunna bayan magariba, a kashe tsakar dare, wani wurin a sake kunnawa da asuba don a tura ruwa tankin sama. In wutar Nepa ta kamfanin JED ta zo, to, kowa ya huta. Ita ma ba arha gare ta ba yanzu, tunda a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit. Ga kuma cire tallafin fetur a Mayun 2023 da ya ɗaga kuɗin komai, har kayan wanki da abincin kicin. Mai otal da ba ya son ƙara kuɗin ɗaki sosai, awannin wuta yake ragewa.

Ruwa kuwa kowa ya san halin Gombe. Ruwan gari daga madatsar Dadin Kowa ake turo shi, in aka samu tangarɗa sai tanka, kuma unguwanni da dama rijiyar burtsatse sai an yi nisa ƙwarai kafin a tarar da ruwa. Saboda haka kafin ka miƙa ko sisi, ka tambayi abu uku: ƙarfe nawa ake tayar da inji, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma injin yana ɗaukar esi ko fanka da ƙwai kawai. Wannan ta ƙarshen ita ce mutane ba sa yi. Sai mutum ya biya kuɗin ɗaki mai esi, alhali esin ba ya tashi sai da wutar Nepa. Sannan ka ce a kai ka ka ga ɗakin da idonka. Ka buɗe famfo, ka danna abin korar ruwan masai, ka ɗaga zanin gado ka duba ɗinkin katifa. In ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a gefen, kuɗin cizo ne, ka nemi wani ɗakin. Ba rashin kunya ba ne, mu da ke kanta mun fi ganin girman baƙon da ya duba.

Hamma Sale, Bajoga:
Na gode Malam, Allah ya saka. To batun hayaniya fa? Dada ba ta iya barci in ana surutu.

Adda Hauwa, Billiri:
Ƙanina, nan ne inda ni na sha wuya. Yawancin manyan nan suna da ɗakin taro da suke bayarwa haya, kuma daga Juma'a zuwa Lahadi da wuya ka rasa biki. Ranar da na sauka dina ake yi, ɗakina kuma yana kallon ɗakin taron. Gilashin taga har rawa yake saboda lasifika, ga yara suna guje-guje a baranda suna buga ƙofofin mutane. Ka tambaya ko akwai taro a kwanakin da za ku yi, ka nemi ɓangaren baya, amma ba kusa da ɗakin janareto ba.

Ga 'yan uwana mata da ke tafiya su kaɗai kuma, ku duba sakata ta ciki. Makulli kaɗai bai isa ba, don akwai na biyunsa a kantar karɓar baƙi. Wani dare an ƙwanƙwasa mini ƙofa, wai an yi ɓatan ɗaki. Wataƙila gaskiya ne, amma ban ƙara runtsawa ba. Da safe na gaya wa matar da ke shara, baiwar Allah ta je da kanta ta sa aka canza mini ɗaki kusa da wurin karɓar baƙi.

Alhaji Ɗanjuma, Fatiskum:
Ni dai zan faɗi alherinsu. Ina zuwa Tudun Hatsi sayen masara da wake, kuma irin wannan otal nake sauka shekara da shekaru. Harabarsu babba ce, mota tana kwana a ciki, ga maigadi a ƙofa, kuma ba a ba ka ɗaki sai ka nuna katin shaida an rubuta. Ƙaramin gidan saukar baƙi na lungu ba ya ba ni wannan kwanciyar hankalin in ina ɗauke da kuɗin mutane. Ko ƙarfe goma na dare ka iso, da wuya a ce ɗaki ya ƙare. Ka fito ƙofa ga Keke Napep, ga mai shayi, ga masallaci. Abin da ka biya shi ka samu, araha ba ta ado. Ina tafe da butata da sallayata da zanin gadona, shi ke nan.

Maman Iklima, Kumo:
Alhaji, gaskiya ne, amma kai lafiyarka ƙalau, kwana kawai ya kai ka. Mai jinya da ke shiga banɗaki sau da yawa cikin dare, in babu ruwa babu haske, abin ya wuce maganar ado.

Yaya Ladi, Wunti, Bauchi:
Mu ma nan Bauchi duk kanwar ja ce. Abin da zan ƙara shi ne maganar kuɗi. Ka tambaya ko farashin da aka faɗa ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5, don wasu sai wajen biya suke ɗorawa. Ka karɓi rasit mai kwanan wata da lambar ɗaki. In tiransifa za ka yi, ka tabbata asusun otal ne ba na ma'aikaci ba. Kuma ka biya kwana ɗaya tukuna, in wurin ya yi muku sai ka ƙara, domin kuɗin da ya shiga da wuya ya fito. Ƙarfe 12 na rana ne lokacin fita, kuma layin asibiti zai iya riƙe ku har la'asar, don haka ka gaya musu tun da safe ko za ku sake kwana. Abinci kuma kada ka dogara da kicin ɗinsu, sau da yawa shinkafa ce da taliya mai yaji. In likita ya hana Dada gishiri ko mai, gara 'yan uwanku na Tumfure su riƙa aiko mata da tuwo da kunu a kula. Wannan ba nauyi ba ne, za ma su ji daɗi an sa su a ciki.

Malam Buba, Jekadafari:
Na manta abu ɗaya. Wasu sun sa sola yanzu, tana riƙe fanka da ƙwai da cajin waya har safe, amma ba ta tayar da esi ko hita. In ka samu irin wannan, da ɗakin ƙasa mai taga biyu, ya fi muku mai esin da ba ya aiki. Ka zo da fitila mai caji da maganin sauro, ka roƙi a ajiye muku bokiti biyu cike tun kafin magariba. Kuma ka gaya wa na kanta a fili cewa mara lafiya ka kawo. Yawancinmu in mun ji haka mukan zaɓa wa mutum ɗakin da muka san famfonsa yana zuba, mu kuma sa yaro ya riƙa kawo ruwan zafi a fulas da asuba.